Yadda Ake Horar da Yaran Shago Su Daina Wulaƙanta Masu Saye

Mai shago yakan gane ranar da aka yi masa sata, domin lissafi zai nuna. Ranar da yaronsa ya kori mai saye da harara kuwa ba ta fitowa a littafi. Wanda aka wulaƙanta ba kasafai yake tsayawa ya kai ƙara ba. Ficewa yake yi ya shiga shagon maƙwabci, da dare kuma ya ba mutanen gidansu labari.

Na daɗe ina sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari a Kano, kuma yara da yawa sun bi ta hannuna. Hanyar da nake bi da kowane sabon yaro ce zan shimfiɗa a nan. Da kayan yadi zan riƙa kawo misali, amma mai sayar da waya a Farm Centre, da mai kayan masarufi a Singa, da mai kanti a cikin unguwa, kowa zai iya daidaita ta da nasa. Kusan duk wulaƙancin shago wuri ɗaya yake tasowa: yaro ya dubi rigar mutum da takalminsa, ya yanke hukuncin abin da ke aljihunsa. Aikinka shi ne raba shi da wannan ɗabi'a, kuma faɗa kaɗai ba ya raba shi da ita.

Abubuwan da za ka tanada

- Ƙaramin littafi da biro na wannan aiki kaɗai, daban da littafin bashi.
- Takardar farashi mai nuna kuɗin sari, kuɗin ɗaiɗai, da ƙarshen abin da yaro zai iya sallamawa ba tare da ya neme ka ba.
- Benci ko kujeru biyu na baƙi. Idan shagon ya matse, kujera ɗaya ma ta isa, muddin ba yaro ne zai riƙa zama a kanta ba.
- Ruwan sha, ko da na leda ne.
- Canji tun da safe. Rashin canji na haddasa tsaki da baƙar magana fiye da yadda ake zato.
- Kwali da aka rubuta lambar wayarka da manyan baƙaƙe, a liƙa inda mai saye zai gani.
- Mutum biyu amintattu waɗanda yaranka ba su sani ba, mace da namiji.
- Kyamara, in da hali. In babu, maƙwabcin shago mai gaskiya zai zame maka ido.
- Kamar minti goma sha biyar kowace safiya kafin kasuwa ta cika.

1. Fara gano abin da ake yi a bayan idonka

Kada ka tara yara ka yi musu wa'azi tun ba ka san cutar ba. A gabanka kowa mai ladabi ne. Ka zaɓi ranar da za ka fita, ka tura mutanen nan biyu. Macen ta zo da tsohon hijabi da silifas, ta tambayi kuɗin leshi mafi tsada, ta sa a sauko mata da kala biyu ko uku, ta taya ƙasa, ta tafi ba ta saya ba. Bayan kwanaki ta dawo cikin kwalliya, da jaka mai kyau, ta yi daidai abin da ta yi a farko. Namijin ma haka.

Su faɗa maka abubuwa ƙayyadaddu, ka rubuta. An amsa sallama? Yaron ya miƙe ko yana zaune yana latsa waya? Da aka tambayi kuɗi, an faɗa ko an ce "wannan fa mai tsada ne"? Kuɗin da aka faɗa ranar farko shi aka faɗa rana ta biyu? Da za a fita, me ya biyo baya: "sai an jima", ko tsaki, ko dariya tsakanin yara?

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne mai shago ya dawo a fusace ya kori yaro ranar. Bincike kake yi tukuna. Kuma kada ka taɓa bayyana waɗanda ka tura, domin za ka sake buƙatar su. Idan ba ka da wanda za ka tura, ka kira tsofaffin abokan ciniki da suka ɗauke ƙafa, ka gaishe su, ka tambaye su a hankali ko wani abu ya faru. Mata sun fi faɗa wa mace gaskiya, don haka uwargida ko ƙanwarka ta kira su.

2. Duba naka ɓangaren

Yaro yana kwaikwayon ubangidansa. Idan kai kana miƙewa tsaye ga mai babbar riga kana amsa wa talaka daga zaune, abin da za su ɗauka ke nan. Idan kana zagin su a gaban jama'a, za su huce a kan wanda suka raina.

Sai ka dubi yadda kake biyan su. Inda aka ɗora kamasho kan abin da kowane yaro ya sayar shi kaɗai, an koya masa tantance mutane tun daga bakin ƙofa: wannan zai kawo kuɗi, wancan ɓata lokaci ne. Ni na fi son a haɗa kamashon shago gaba ɗaya a raba a ƙarshen mako, sannan a ware ɗan ihisani ga yaron da masu saye suka fi dawowa suna tambaya da sunansa. In ba ka iya ba da kamasho, ka tabbata kuɗin abinci da na mota suna fita kan lokaci, kuma akwai tsarin fita salla da cin abinci bi da bi. Yaron da ya kai La'asar bai sa komai a cikinsa ba, fuskarsa ba za ta saku ba, kome yawan nasihar da ka yi masa.

3. Zaunar da su ka rushe ƙiyasin da suke yi

Ka yi wannan da safe, ƙofa a rufe, ba tare da kama suna ba. Ka fara da abin da ya shafi kasuwa, domin shi ya fi saurin shiga kunnen matashi.

A Kwari, mai sayen kaya da yawa sau tari shi ne wanda ya fi kowa ƙura a jiki. Ya kwana a mota daga Maraɗi ko Damagaram, ko ya taso tun daga Marwa ko Njamena, bai ko yi wanka ba ya shigo kasuwa, kuma dila-dila zai ɗauka. Matar da ta shigo tana tambayar kuɗin komai ba ta sayi ko ƙyalle ba, wataƙila dangin ango ne suka turo ta ta ji farashi kafin ranar haɗa lefe. Shagon da ya sake mata fuska, can za ta kawo su da akwatunansu. Yarinyar da ta zo da ɗan yanki na atamfa a hannu tana neman irinsa, uwarta ce a gida ta aiko ta, kuma mai yiwuwa anko ne na biki da zai ci turmi hamsin. Dillaliya mai yawo gida-gida ba ta ado in za ta shigo kasuwa. Ga kuma ɗalibin da yau yadi uku kawai zai iya saye. Nan da 'yan shekaru shi ne mai ɗinka wa iyali kayan salla.

Bayan wannan sai ka gaya musu ɗaya gefen, wanda a wurina ya fi nauyi. Ko da ya tabbata mutum ba shi da ko sisi, ba a ba mu izinin wulaƙanta shi ba. Yawancin yaran da suka yi makarantar allo sun hardace Suratu Abasa, amma ba kowa ya san dalilin saukarta ba: Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zo da tambaya a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa, Allah kuma ya saukar da ayoyi a kan haƙƙinsa. Akwai hadisin Jabir ɗan Abdullahi a cikin Bukhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin hali idan zai sayar, idan zai saya, da idan zai karɓi bashinsa. Ka faɗi wannan a taƙaice. Idan ka tsawaita, zai koma wa'azi su daina saurare.

4. Kafa ƙa'idar tarba guda ɗaya ga kowa

Tunda matsalar zaɓe ce, maganinta shi ne a cire wa yaro damar zaɓe. Duk wanda ya taka ƙofa abu huɗu zai samu, ko waye shi: a amsa sallamarsa da murya a fili, a ajiye waya, a miƙe, a nuna masa wurin zama. Sannan wanda ya riga zuwa shi ake fara saurare. Idan babban abokin ciniki ya shigo ana tsakiyar auna wa wata tsohuwa yadi, a ce masa: "Sannu da zuwa Alhaji, bismilla ga wuri, bari in sallami Inna." Babu mai mutuncin da zai ji haushin haka.

Ka koya musu kiran mutane. Alhaji, Hajiya da Malam ba sa ɓaci. Baba da Inna na dattawa ne na sosai. Yaro ya kira matar da ba ta wuce sa'ar yayarsa ba da Inna, ya ɓata cinikin tun kafin a fara. "Ke" da "kai" tsirara, ko "ke mai jan hijabi", a hana su gaba ɗaya. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma a kula: fara'a daban, wasa da shisshigi daban.

5. Gyara musu harshe wajen farashi da tayi

A nan aka fi yin ɓarna, don haka ka daɗe a kansa.

Idan aka tambayi kuɗin kaya, amsar ita ce kuɗin. Ba "ya fi ƙarfinki", ba "za ka iya kuwa?", ba "ga dai masu araha can". Yaro ya faɗi kuɗin, ya sauko da kayan, ya bar mutum ya taɓa. Idan mai saye da bakinsa ya ce ya yi masa tsada, a lokacin ne za a ce: "Akwai wani mai kyau da bai kai wannan ba, in kawo ki gani?" Ka lura da bambancin. A na farko yaro ne ya yanke wa mutum matsayi, a na biyu mutum ne ya faɗi buƙatarsa. Kuma kada a kushe mai arahar da ake nuna masa. Wanda zai sayi ƙaramar atamfa ya fita yana jin ya sayi abin kirki, a gaya masa gaskiyar yadda take, ko tana zuba ko ba ta zuba, da yadda zai wanke ta.

Tayi kuma ba zagi ba ne. Mai saye yana da damar ya taya yadda ya ga dama, mu kuma muna da amsarmu tun kaka da kakanni: "Albarka." A faɗe ta da sakin fuska, a ƙara da "ƙara dai wani abu Hajiya, bai kai kuɗin sari ba." Abin da ba a yarda da shi ba: dariya, kiran wani yaro ya zo ya ji abin da aka taya, fizge kaya daga hannun mutum, ko "je ki can ki samo a haka in kin isa". Takardar farashi tana taimakawa ƙwarai a nan, domin yaron da bai san iyakarsa ba yakan rufe rashin saninsa da tsawa.

Ka kuma hana farashi biyu, wato a ƙara wa baƙo ko wanda bai iya Hausa ba don an ga bai san gari ba. Wannan ma raini ne, kuma ranar da ya gane ba zai dawo ba.

6. Yi musu gwaji a aikace

Faɗa da baki ba ya zama. Kowace safiya a makon farko, kai ka zama mai saye. Yau ka shigo a matsayin mai taya rabin kuɗi, gobe mai sa a warware turmi goma ya tafi, jibi mai dawo da kaya a fusace. Yaro ya amsa, sauran su saurara, ku gyara tare. Za su yi dariya da farko, ka bar su, amma a maimaita har kalmomin su zauna a bakinsu. Sabon yaro kuma kada a bar shi shi kaɗai da masu saye sai ya yi kwanaki yana tsaye kusa da wanda ya ƙware.

7. Wuraren da ƙafa ta fi zamewa

Wanda ya sa aka warware kaya bai saya ba. Ninke kaya aikin yaro ne, don shi ake biyan sa. A ce "ba komai, Allah ya kai mu wani lokaci", kuma kada a fara ninkewa da ƙarfi ana buga turmi mutum na tsaye. Dabarar rage wahala ita ce a riƙa tambaya tun farko: na biki ne ko na zaman gida, wace kala ake so. Sai a sauko da uku maimakon goma.

Zargin sata. Sata gaskiya ce a kasuwa, amma ba da bin mutum a baya kamar ɓarawo ake maganinta ba. A tsara shago yadda kaya masu tsada suke bayan kanta, a riƙa ƙirga abin da aka sauko da shi. Idan abu ya ɓace, yaro ba shi da izinin tuhumar kowa, balle ya taɓa jakar mace ko ya ɗaga murya. Ya kira ka a asirce. Kalmar "ɓarawo" a tsakiyar kasuwa tana iya jawo a yi wa mutum taron dangi kafin a gano gaskiya, kuma rai ba ya dawowa. In abin ya tabbata, akwai shugabannin kasuwa da 'yan sanda.

Biya ta waya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma tura kuɗi da POS, masu alat na bogi kuma suka yawaita. Ƙa'ida ita ce kaya ba sa fita sai kuɗi sun shiga asusu, kuma ta hau kan kowa, har mai zuwa da babbar mota. Ka rubuta ta a bango. Yaro ya ce: "Yi haƙuri Malam, sabis ne, zauna ka sha ruwa kafin ya shigo." Idan ana sakin wasu ana tsare wasu bisa ga shigarsu, wanda aka tsare ya san abin da ake nufi.

Mata. Babu maganar jiki, babu maganar launin fata. "Wannan kalar ba ta farare ba ce" ko "yadi shida ba zai ishe ki ba" magana ce mai ciwo ko da yaro bai nufi komai ba. Idan an nemi shawararsa, ya yi magana a kan kayan. Lambar waya kuwa, ta shago ce ake bayarwa. Yaron da ya ɗauki lambar matar mutane daga rasit ya kira ta da dare, a wurina ya gama aiki. Inda 'yan mata ne ke jiran kanti, ka sa ido kan kallon sama da ƙasa da raɗa da junansu, domin mace tana gane wannan tun kafin a buɗe baki.

Mai dawo da kaya. A fara saurare har ya gama. Idan aibin daga kayan ne, kamar huda a tsakiyar turmi ko yadi bai cika ba, a canza ba gardama. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi, kuma rubuta "ba a dawo da kaya" a rasit ba ya shafe wannan. Idan kuwa ra'ayi kawai ya canza, kuma ba a yanka ba, ni nakan karɓa in ba shi wani. Hukuncin wannan naka ne, yaro ya kira ka.

Kurma, makaho, da wanda Hausarsa ba ta nuna ba. A yi magana da shi kansa, kada a tsallake shi a koma kan ɗan rakiyarsa. A rubuta kuɗi a takarda ko a kalkuleta a nuna masa. Kwaikwayon maganarsa bayan ya fita laifi ne daidai da yi a gabansa, domin sauran masu saye suna ji.

8. Idan ƙara ta zo

Ka ba mai saye haƙuri nan take da bakinka, ko da ba ka ji ɓangaren yaro ba tukuna. Kada ka zagi yaron a gabansa don ka faranta masa. Wulaƙanci ne ka sauya wa wuri kawai. Bayan an watse ka ji nasa, ka rubuta a littafi: rana, abin da ya faru, abin da aka yanke.

Karo na farko nasiha a keɓe. Na biyu gargaɗi a gaban wanda ya kawo shi aiki, uba ko yaya. Na uku a janye shi daga gaban kanta zuwa sito ko ɗaukar kaya na wani lokaci. Idan hali ya ƙi canzawa, a rabu lafiya, a biya shi haƙƙinsa cif. Ban goyi bayan yanke albashi ba, domin yakan sa yaro ya ƙullaci masu saye ne gaba ɗaya.

Akwai kuma ranar da mai saye ne ba shi da gaskiya, ya zagi yaro ko iyayensa. Ka koya wa yaro ya ce "bari in kira maigida" ya ja baya, kai kuma ka tsaya masa cikin ladabi. Yaron da ya san ubangidansa zai kare mutuncinsa ba ya buƙatar ramawa da kansa.

9. Ci gaba da bibiya

Hali yakan koma gidan jiya idan aka saki. Duk bayan wata biyu ko uku ka sake tura wani baƙon ido, ka kwatanta da abin da ke littafi. Wanda ya gyaru ka yaba masa a gaban 'yan'uwansa, ka faɗi takamaiman abin da ya yi.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne goman ƙarshe na azumi da makon babbar salla: cunkoso, zafi, ƙishirwa, ga yaran wucin gadi da aka ɗauko don taimako. Kafin Ramadan ya kama, ka maimaita mataki na huɗu zuwa na shida da kowa, tsoho da sabo. Ka ware yaro ɗaya mai sanyin hali a bakin ƙofa, aikinsa tarba da tsara wanda ya riga wani. Yaran wucin gadi a ba su sauko da kaya da ninkewa da ɗaurewa, maganar kuɗi da tayi kuma a bar wa waɗanda suka riga suka horu.